Mutumin Da Ke Tura Mashin A Hanyar Rano

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Bara'atu, a Rano nake, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta wani abu na sake shi inda idon mutane zai gani. Na daɗe ina karanta na wasu ina yin shiru. Idan kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku ɗauke kai. Abin da zan ba ku bai gama hucewa a raina ba.

Mu biyu ne 'yan mata a gidanmu, ni da ƙanwata Afra'u. Ni ce babba, amma duk wanda ya shigo gidan ita yake fara gani. Afra'u irin mutanen nan ce da ko ruwa ta je ɗiba sai ta dawo da labari da sabuwar ƙawa. Ni kuwa tun da na gama kwalejin horar da malamai na dawo gida, rayuwata ba ta wuce in biya wa 'yan matan Islamiyya karatu da safe, in ɗinka hula da rana, sannan in jawo kwalin littattafaina daga ƙarƙashin gado in ɓace a ciki. Gwaggo Laraba, yayar babanmu, cewa take ko sallama aka yi min sai na duba littafi kafin in amsa.

Mahaifinmu Malam Ishiyaku ne, muna ce masa Baba Malam. Yana da makarantar allo a zaure da ɗan masallaci a ƙofar gida, kuma yana da wata doka da duk unguwarmu ta sani. Duk mai neman 'yarsa, ranar Juma'a zai zo ya yi sallar La'asar a bayansa. Idan an idar sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure a yi zance, ana kiran Magariba a naɗe tabarma. Baba Malam ba ya tambayar saurayi abin da ya mallaka. Idan ya sallame sallah sai ya juyo yana jan carbi, ya bi sahu da ido. Da haka yake gane mai so da gaske. Wanda ya makara ya rasa jam'i, ranar babu zance, ko daga ina ya taso.

Ga Sadisu, saurayin Afra'u, dokar ba komai ba ce. A bayan layinmu yake da shagon walda, da ƙafa yake zuwa, wani lokacin ma shi ke tayar da iƙama. Nawa kuwa, Malam Shamsuddeen, daga Fassi yake tasowa, can cikin Kibiya, a kan wani tsohon mashin mai tari da tun daga kwanar layinmu nake gane ƙararsa. Malamin firamare ne, yana ɗan noman masara. Tare muka yi kwaleji. Shi ne mutum ɗaya da ya taɓa tambayata me nake karantawa, ya kuma tsaya ya ji amsar har ƙarshe. In kuna neman dalilin da ya sa na so shi, shi ke nan, ba ni da wani.

Shi ya saka ni a wani guruf na wasaf mai suna Rano Da Kibiya Gida Ɗaya, wai don in riƙa jin motsin duniya. Mutane ne cike a ciki, malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai da manoma, har da Kawu Sallau ƙanin Umma. Kowa da bakinsa. Ni ban taɓa rubuta ko amin ba.

Tun bara Baba Malam ya faɗi nufinsa: rana ɗaya zai aurar da mu, ni da Afra'u. A gidanmu ba a taɓa tsallake babba ba. Mutanen Sadisu sun shirya tuntuni, Shamsuddeen ake jira, shi kuma ya ce a bar shi zuwa kaka. Duk Juma'a yana sahu, don haka Baba Malam bai damu ba.

Sai aka ƙara kuɗin mai a ƙarshen damina.

Kun san yadda abin ya kasance, ba sai na gaya muku ba. Gidajen mai suka rufe, waɗanda suka buɗe layi ya kai titi, 'yan bumburutu suka zama sarakai. Juma'ar da ta biyo baya na shirya kamar kullum. Na saka atamfata mai ganyen ruwan ƙwai, na yafa farin mayafi, Afra'u ta shafa min kwalli tana min tsiya wai ina lumshe ido kamar za a yi min allura. Na haɗa zoɓo da citta na zuba a kula. Na zauna a kan turmi bayan ƙofar zaure ina sauraren kwanar layi.

Mashin biyu suka wuce. Ba nasa ba ne.

Aka yi kiran La'asar, aka tayar, aka idar. Na ji an shimfiɗa wa Sadisu tabarma, na ji dariyar Afra'u. Baba Malam ya shigo cikin gida, bai kalle ni ba, ya ce wa Umma, “Jumai, sahu da giɓi yau.” Ya wuce ɗakinsa.

Ina nan zaune har aka kira Magariba. Sai da na idar da sallah saƙo ya shigo.

“Malama, ki yi haƙuri. Wani uzuri ne ya taso.”

Na rubuta, “Lafiya dai?”

“Lafiya lau.”

Zoɓon kuwa, Afra'u da Sadisu ne suka shanye.

Juma'a ta sake zagayowa bai zo ba. Wadda ta biyo ta ma haka. Yana gaishe ni kowace safiya, yana tambayar littafin da nake ciki, amma da na kawo maganar zuwa sai ya ce in ƙara masa haƙuri. Na taɓa nuna wa Umma saƙonninsa don ta ga bai janye ba. Ta goge hannunta a zani ta karɓi wayar ta duba, ta miƙo min.

“Babanki ba ya karanta wannan,” in ji ta. “Sahu yake karantawa.”

A daidai lokacin ne wata guguwa ta afka wa wani yanki na Amurka, ruwa ya shanye garuruwa. Guruf ɗinmu ya ɗauki zafi. Bidiyo a kan bidiyo: motoci suna iyo kamar ƙorai, gidaje na katako suna tafiya a kan ruwa da labulensu. Ni da ba ni da wurin zuwa, nan na koma zama. Na kan kwanta a kan katifa bayan Azahar, fanka a tsaye don ba wuta, in yi ta karanta maganganun mutane kamar mai leƙen biki ta katanga.

Hussaini Mai Taya ya rubuta, “Ni ba gidajen ne suka dame ni ba. Motocin nan da kuke gani, kowace tankinta cike yake. Wannan ita ce asarar.”

Zulaiha, wata ma'aikaciyar jinya, ta ce, “Allah ya shirye ka Hussaini.”

“Amin Hajiya, ya haɗa min da lita biyar.”

Wani ya ce alhakin duniya ne ya kama su. Wani ya ce to mutanen Maiduguri da ruwa ya ci kwanan nan alhakin wa suka ɗauka? Nan rigima ta kaure, aka koma kan gwamnati, aka koma kan farashin masara, aka dawo kan Amurka. Akwai wani bidiyo da na kalla ban san iyaka ba, wata tsohuwa zaune a kan rufin gidanta ita kaɗai, ta rungume wata jaka, ruwa ta ko'ina. Ba ta ihu, ba ta ɗaga hannu. Tana dai kallon inda take tsammanin za a ɓullo.

Shamsuddeen ya yi magana a kanta. Ya rubuta, “'Yan uwa, tsohuwar nan ba ita ta ƙara mana kuɗin mai ba. Mu yi mata addu'a yadda muka yi wa namu.”

Afra'u tana ninke kayan wanki a gefena ta karanta, ta taɓe baki.

“Yaya, mutuminki yana da lokacin tsohuwar Amurka.”

Na mayar da idona kan wayar.

Kashegari wani Adnan, ɗalibi ne mai yawan barkwanci, ya saka nasa bidiyon. A sama ya rubuta: “Su ruwa ne ya tsayar da motocinsu. Ga abin da ya tsayar da namu. Na ɗauka kwanaki a hanyar Rano.”

Daga cikin mota aka ɗauka. Hanya ce bayan ruwan sama, rana ta yi ja. Can gaba wani mutum yana tura mashin. Farar shadda ce a jikinsa mai sabuwar guga, amma taɓo ya ɓata ta har gwiwa, gumi ya manne ta a gadon bayansa. Ya sunkuyar da kai yana turawa a kan ɗan hawan nan na ƙaramar gada kafin a shigo gari. Ana jin samari a cikin motar suna dariya, ɗaya yana cewa, “Ango, a kawo maka jarka?” Kafin motar ta kai gare shi bidiyon ya ƙare.

Na miƙe zaune.

Hular da ke kansa ni na ɗinka ta. Ruwan ƙasa ce, kuma ana saura ɗan yanki a baya zare ya ƙare min. Na aika kasuwa ba a sami irinsa ba, na cike da wanda ya fi shi duhu. Ranar da na ba shi na ce ya bari in warware, ya ce a'a, ai ta ƙeya ne, wa zai gani. Ga shi nan a wayata, ɗan yankin nan mai duhu, yana motsi duk lokacin da ya tura.

Ashe ya taso. Ashe ranar da nake kan turmi da kwallina, yana kan hanya da ƙafa.

Kafin in gama share ido an mayar da shi sitika. An yanko shi da mashin ɗin, an rubuta a ƙasa: ANGON BUMBURUTU. Duk wanda ya yi maganar tsada sai a jefa masa ita. Aka manta da guguwa, aka manta da tsohuwa.

Hussaini ya rubuta, “Na san shi wallahi, amma ba zan faɗa ba.”

Adnan ya ce, “Duk mun san shi, a rufa masa asiri.”

Wani ya ce, “Ni tafiyarsa kaɗai na gani na gane.”

Sai ga Shamsuddeen. Bai rubuta kalma ba. Alamar dariya ya saka, guda uku, mai hawaye.

Masu karatu, wannan ce ta fi yi min ciwo. Na ce a raina, kowa ya san shi ne, shi ma ya san sun sani, ga shi yana taya su yi wa kansa dariya don kada a ga rauninsa. Na kife wayar a kan filo na fita na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da Afra'u ta riga ta share.

Da yamma na buɗe shafinsa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Yaya zan ce wa namiji na ga bayansa yana tura mashin? A ƙarshe ga abin da na iya:

“Malam Shamsu, ina wuni.”

“Lafiya lau Malama. An gama littafin?”

“Saura kaɗan. Hular nan tana nan kuwa?”

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya.

“Tana wajen wanki.”

“To.”

“Ya su Baba Malam?”

“Yana duba sahu.”

“Ki ƙara min haƙuri kaɗan, Bara'a. Kaɗan.”

Shi ke nan. Ni da nake karanta littattafan da mata suke faɗin abin da ke ransu shafi biyu ba numfashi, “to” na iya rubutawa.

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Laraba ta zo. Ta cire takalmi a bakin rumfa, ta zauna a kan tabarmar da Umma ke ɓarar gyaɗa, ta ja ƙwaryar gabanta kamar don ita aka ajiye.

“Ina 'yar littafin? Zo nan.”

Na fito na durƙusa na gaishe ta.

“Ishiyaku ya ce in gaya miki, don ya san ke ba kya iya haɗa ido da shi. Mutanen Sadisu za su zo ranar Asabar.”

“To Gwaggo.”

“To kawai? Rana za a saka. Guda ɗaya. Ta Afra'u.”

Umma ta ce, “Yaya, a bi ta a hankali.”

“A hankalin nake. Ni ban ce a ba ta wani ba, ba wanda zai tilasta mata kowa. Amma yarinya ba za ta zauna tana jiran yayarta ba, yayar tana jiran waya. Shi kansa Ishiyaku bai so ba, ya ce bai san inda zai sa fuskarsa ba. Sai dai mutanen nan sun yi haƙuri har sun gaji.” Ta watsa gyaɗa a baki. “Ko wannan bawan Allah da jikokina suka nuna min a waya, mai tura mashin, ai ya fi naki. Shi ya fito.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma Umma tana nan, Gwaggo tana nan, kuma ban taɓa ambatar sunansa a gaban manya ba. Na ce, “Haka ne Gwaggo,” na tashi.

Wataƙila a garinku tsallake babba ba wani abu ba ne. A namu, ma'anarsa ranar biki duk matar da ta shigo za ta rungume Afra'u, sannan ta juyo ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya kawo naki. Ma'anarsa in raka ta ɗakinta in jera mata kwanuka, in dawo ɗakinmu in tarar da katifa ɗaya. Afra'u kaɗai ce take min magana a gidan nan ba sai na fara ba.

Ta same ni a ɗaki, ta zauna a bakin katifa tana wasa da gefen ɗankwalinta.

“Yaya, wallahi ni zan iya jira.”

“Sadisu fa?”

Ta sunkuyar da kai.

“Kada ki jira,” na ce. “Kalar ankon da kika zaɓa ta yi kyau.”

Ta sa kai a cinyata ta yi kuka, ni ina shafa mata kitso. Ni ban yi ba. Nawa ya ƙi fitowa.

Ranar Alhamis da safe, bayan na dawo daga Islamiyya, na jona wayata a ɗan batirin sola na buɗe guruf. An wayi gari da sabuwar jita-jitar ƙarin kuɗin mai, don haka angon bumburutu ya dawo. Wannan karon kan yarinyar aka koma.

Adnan ya rubuta, “Ko wace ce budurwar, ina ba ta shawara ta gudu. Wanda bai cika tanki ba, tukunya zai cika?”

Hussaini ya ce, “Ai tuni. Tana ganin bidiyon ta canja layi.”

Wata ta ce, “Ni ko a mafarki na ga saurayina haka, na farka na rabu da shi.”

Dariya, dariya, dariya. Na duba jerin waɗanda suka karanta, sunansa yana ciki.

Ban san lokacin da yatsuna suka fara ba. Na san dai hijabina ma ban cire ba, ina tsaye a jikin taga. Ko na manta Kawu Sallau yana guruf ɗin, ko ban manta ba, har yanzu ban sani ba. Ga abin da na rubuta, ban canja ko harafi ba:

“Assalamu alaikum. Ban taɓa magana a nan ba. Malam Shamsuddeen da kuke yi wa dariya, kun san shi kun san mutuncinsa. Gidanmu ya nufa ranar, don ya yi La'asar a bayan mahaifina. Mai ya ƙare masa bai juya ba, ya ci gaba da turawa. Yarinyar da kuke cewa ta gudu ni ce, kuma ban gudu ba. Don Allah ku goge sitikar nan.”

Na danna. Na zauna a ƙasa. Amma a ƙirjina wani sanyi na ji, irin na wanda ya sauke tulu. Na ce yau dai na yi magana.

Mutane suna karantawa, ba mai rubutu.

Sai Hussaini: “Shamsu? Namu Shamsun?”

Zulaiha: “Innalillahi. Wallahi ban sani ba.”

Adnan: “Ni da na ɗauka ma ban san shi ba ne. Da na ce duk mun san shi wasa nake.”

Hussaini: “Ni ma cika baki ne. Na zaci wani ɗan garin Tarai ne.”

Na karanta na sake karantawa. Sanyin nan ya koma wani abu dabam.

Daga nan abin ya ɓalle. Wasu suna ba da haƙuri. Wasu suna cewa Allah ya ba su mace irina. Wani ya ce, “Kai, amma shi ma fa ya yi dariyar,” ya jawo alamun nan uku ya sake sakawa. Wani ya ce a yi masa karo-karo a cika masa tanki, aka fara cewa na ba da kaza, na ba da kaza, da sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro. Kafin Azahar an yi sabuwar sitika, hoton nan dai, amma a ƙasa an rubuta: BAN GUDU BA.

Sai ɗan rubutun nan mai toka-toka ya fito a tsakiyar shafi. Shamsuddeen ya fita.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne, a shafinmu.

“Bara'atu.”

Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba.

“Bayana kawai aka ɗauka. Ba wanda ya san ni ne. Ko a gidanmu.”

Na rubuta, “Sun ce sun sani.”

“Su Hussaini? Kin taɓa jin abin da suka ce ba su sani ba?”

“Na ga ka yi dariya, na zaci”

Ban ƙarasa ba na tura, hannuna ya zame.

“Na yi dariya don kada shirun da zan yi ya nuna ni. Ranar na iso gada ana shirin kiran Magariba. Na kalli jikina. Na ce ba zan tsaya gaban Malam haka ba, na juya. Na yi niyyar in masara ta bushe in sayar in cika tanki in zo kamar mutum. Sai bidiyo ya fito. Shaddar nan ita kaɗai gare ni ta shiga mutane, ta yaya zan sake saka ta in shigo Rano? Na kai ta rini a mayar da ita shuɗiya. Yau zan karɓo. Gobe na shirya zuwa.”

Gobe.

Na rubuta, “Ka yafe min. Kare ka na so in yi.”

“Na sani.”

“To ka zo goben.”

“Iyayen ɗalibaina suna guruf ɗin. Hedimastanmu yana ciki. Yanzu ana tara min kuɗin mai kamar mai jinya. Da wace fuskar zan bi hanyar nan?”

“Malam Shamsu, don Allah.”

“Ki bar ni tukuna.”

Na sake rubutawa. Na sake. Bai buɗe ba.

Ban ci abincin rana ba. Ina jin Umma tana kwashe dambu tana kiran sunana, na ce kaina ke ciwo. Afra'u ta shigo da wayarta a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

“Yaya. Ke ce kuwa?”

“Ni ce.”

“Ashe shi ne.” Ta zauna a hankali. “Ni ma na tura wa Sadisu sitikar.”

Ana idar da La'asar na ji ƙararrawar keken Kawu Sallau a ƙofar gida. Na ji muryarsa a zaure, ƙasa-ƙasa, ta daɗe. Sannan Umma ta ɗaga labule.

“Babanki yana kira.”

Na saka dogon hijabina mai ruwan toka na fita. A zaure alluna suna jingine a bango, ɗalibai sun tashi. Baba Malam yana kan buzunsa, ya riƙe wayar Kawu nesa da idonsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ina jin dariyar samarin nan tana fita daga wayar. Ya ce a sake kunna masa. Kawu ya sake.

“Daidai ina ne nan, Sallau?”

“Ƙaramar gada ce, Malam, kafin a shigo gari.”

“Rana ta yi ja.”

“Ta yi.”

“To ya rasa jam'i ke nan.”

“Ya rasa, Malam.”

Baba Malam ya miƙa masa wayar, ya ɗauki carbinsa. Ni ina kallon wata tururuwa tana zagaya tawada da ta zube a ƙasa.

“Bara'atu.”

“Na'am Baba.”

“Ke ce kika kai gidana cikin taron mutane?”

“Ban faɗi suna ba, Baba.”

“Kin ce mahaifinki. Mahaifi nawa gare ki?”

Kawu ya yi tari ya juyar da kai.

“Wannan maganar za mu yi ta dabam, ni da ke da uwarki,” in ji Baba Malam. “Ba ta wuce ba.” Ya ja carbi. “Shi kuma, ya yi wauta da ya juya. Ni taɓo nake dubawa a sahu? Manoma nawa ke sallah a bayana da ƙasar gona a gwiwa?” Ya ɗago ya dube ni. “Ki gaya masa gobe Juma'a ya zo ya yi La'asar a nan. Ko a mashin, ko a keke, ko da ƙafa. In da ƙafa ne ya taso da wuri. Idan na juya na gan shi, ranar Asabar rana biyu za mu saka. Idan ban gan shi ba, ɗaya ce, kuma kada ki ce ban jira ba. Tashi.”

Na tashi ban san yadda na kai ɗaki ba. Na cire wayar daga caji. Na rubuta masa komai, yadda Baba Malam ya faɗa, har da maganar manoma da ƙasar gona. Na ƙara da cewa ya zo da kowace riga, ko ta makaranta ce. Na danna.

Tik ɗaya, alamar saƙon bai isa gare shi ba.

Na duba sama. Hotonsa, wanda yake tsaye a cikin masararsa yana dariya, babu shi. Sai farar da'ira da inuwar mutum.

Na kira layinsa. Bai yi ƙara ba ya katse. Na sake kira, haka. Na karɓi wayar Afra'u na gwada, muryar matar nan ta kamfanin waya ta ce wayar a kashe take. Ban san lambar kowa ba a Fassi. Ban taɓa zuwa Fassi ba.

Daga tsakar gida Umma ta ɗaga murya, kuma rabon da in ji muryarta da haske haka tun kafin a ƙara kuɗin mai.

“Bara'atu, kin gaya masa?”

Na kalli tik ɗin nan guda ɗaya.

“Na aika masa, Umma.”

“Alhamdulillahi. Afra'u, ɗauko min tabarmar baƙi a wanke ta tun da sauran rana. Ki jiƙa zoɓo kuma, da yawa.”